KIYAYE KALSIYAM DA pH A AKWATIN KIFI NA RUWAN GISHIRI

Gabatarwa

Yawancinmu da muka tashi a nan arewa ba mu taɓa ganin teku da idonmu ba. Ruwan da muka sani shi ne na rijiya da na kogi da na tafki, kifinmu kuwa tarwaɗa da karfasa da ragon ruwa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ina ruwanmu da akwatin kifi na ruwan gishiri?" Amsa ita ce, da wuya a sami wurin da darussan kimiyyar sinadarai da na halittu suka haɗu su yi aiki tare a gaban idon mutum kamar a cikin wannan akwati. Abin da muke haddacewa don jarrabawa game da asid da kabonet, a can shi ne rai da mutuwa. Idan mai akwati ya yi kuskuren lissafi, ba jan biro zai gani ba, gawar dabbobin da ya shekara yana reno zai kwashe.

A wannan darasi za mu duba abubuwa biyu da mai irin wannan akwati yake fama da su kullum, wato kalsiyam da pH. Za mu ga cewa ba a iya taɓa ɗaya ba tare da ɗayan ya motsa ba, kuma za mu ga dalilin da ya sa gyara a hankali ya fi gyara da gaggawa.

1. Teku a cikin gilashi

Akwatin kifi, wanda ake kira akwariyam, akwati ne na gilashi da ake cika da ruwa a ajiye halittun ruwa da ransu a ciki. A shekarar 1846 wata mace a Ingila mai suna Anna Thynne ta ɗebo ƙananan murjani masu rai daga bakin teku a garin Torquay, ta kai su gidanta a Landan, ta kuma rene su wajen shekara uku. Da ɗauko sabon ruwan teku ya yi mata wuya, sai ta sa ana sheƙa tsohon ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan a gaban taga buɗe, don ya sha iska. Mu riƙe wannan taga a zuciya, za mu komo kanta. A shekarar 1853 kuma aka buɗe gidan kifi na farko don kallon jama'a a gidan namun daji na Landan.

Yau akwai iri biyu na akwatin ruwan gishiri. Akwai wanda kifi kaɗai ke ciki, shi wannan bai cika damuwa da kalsiyam ba. Akwai kuma wanda ake renon murjani a ciki tare da kifi da dodon koɗi na teku da sauransu. Wannan na biyu shi ne abin nazarinmu.

Bambancin akwati da teku shi ne girma. Abin da murjani ya ɗiba daga teku, igiyar ruwa tana mayar masa da wani nan take. A cikin akwati mai lita 200 kuwa, abin da aka ɗiba ya tafi ke nan, sai mai akwati ya mayar da hannunsa.

2. Ruwan teku ba gishiri da ruwa ba ne kawai

A cikin kowane kilo na ruwan teku akwai kimanin giram 35 na gishiri iri-iri a narke. Mafi yawansa gishirin miya ne da muka sani, amma ba shi kaɗai ba ne. A kowace lita akwai magniziyam kimanin miligiram 1,300, da kalsiyam kimanin miligiram 420, da fotashiyam kimanin miligiram 400, ga kuma salfet da bayikabonet da wasu da dama.

Shi ya sa ba a ɗebo gishirin kasuwa a dama da ruwan famfo a ce an yi ruwan teku. Masu akwati suna sayen gishiri na musamman da aka haɗa da dukan waɗannan sinadarai, su narka shi a cikin tataccen ruwa. Ruwan famfo yana iya ɗauke da kulorin ko ɓurɓushin tagulla daga bututu, tagulla kuwa guba ce ga murjani ko da kaɗan ce. Suna auna nauyin ruwan da haidiromita ko rifiraktomita har ya kai 1.025 ko 1.026, su kuma riƙe zafinsa tsakanin digiri 24 da 27 a ma'aunin Selshiyos.

Sai mu lura da wani abu. Idan ruwan akwati ya ragu saboda tururi, ruwa ne ya tashi, gishiri yana nan. Don haka da ruwa marar gishiri ake cike gurbin. Wanda ya cike da ruwan gishiri, kullum ƙara wa akwatinsa gishiri yake yi bai sani ba.

3. Murjani da kalsiyam

Mun san murjani a wuyan iyayenmu mata, amma ba kowa ya san cewa ƙashin dabba ne ba. Murjani mai rai taron ƙananan dabbobi ne masu taushin jiki, kowace da baki da 'yan hannuwa kewaye da shi. Irin da ke gina duwatsun teku yana shimfiɗa ƙashi na kalsiyam kabonet a ƙarƙashin jikinsa, yana ɗorawa kaɗan-kaɗan shekara da shekaru. Ta haka aka gina Babbar Katangar Murjani ta Ostireliya, wadda tsawonta ya kai kimanin kilomita 2,300. Akwai irin waɗannan duwatsu a Bahar Maliya ma.

Kalsiyam kabonet ba baƙo ba ne a wurinmu. Shi ne a ɓawon ƙwai da katantanwa. Shi ne a jikin wuri, wanda kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwar Kurmi ta Kano, asalinsa kuwa daga Tekun Indiya ne, musamman tsibiran Maldibs. Shi ne kuma dutsen da ake haƙa a Kalambaina kusa da Sakkwato da Ashaka a Jihar Gombe ana yin siminti, inda har yau ake tsintar ɓawon halittun teku a cikinsa, shaidar cewa teku ya taɓa kwanciya a waɗannan wurare.

Ga yadda murjani yake ginin a rubuce:

Ca²⁺ + 2HCO₃⁻ → CaCO₃ + CO₂ + H₂O

Wannan layi ɗaya ya gaya mana abu uku. Na farko, ginin yana cin kalsiyam. Na biyu, yana cin bayikabonet. Na uku, yana sakin iskar kabon dayoksaid a cikin ruwa. Wato duk lokacin da murjani yake girma, kaya biyu suna raguwa a ruwa, kuma ruwan yana karkata zuwa tsami. Masu akwati suna ƙoƙari su riƙe kalsiyam tsakanin miligiram 380 da 450 a kowace lita. Idan ya faɗi ƙasa da haka sosai, girman murjani sai ya tsaya.

4. Mene ne pH?

Ma'aunin pH shi ne yake nuna ko ruwa yana ɓangaren tsami ko yana ɓangaren kanwa. Wani masani ɗan ƙasar Denmak mai suna Søren Sørensen ne ya fito da shi a shekarar 1909 a birnin Kofanhegan. An saba karanta shi daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsakiya. Abin da ke ƙasa da 7 asid ne, kamar ruwan lemun tsami da na tsamiya. Abin da ke sama da 7 yana da ɗabi'ar kanwa, kamar ruwan toka da sabulu. Duk macen da ta taɓa jefa ɗan guntun kanwa a miyar yakuwa don ta kashe tsaminta, ta ɗaga pH na miyar ke nan, ko da ba ta taɓa jin sunan ba.

Ruwan saman teku yana wajen 8.1. A cikin akwati ana neman a zauna tsakanin 7.8 da 8.4. Wani zai ce ai tazarar ba ta da yawa. Amma ma'aunin pH ba kamar rula yake ba. Kowane mataki ɗaya ninki goma ne. Ruwa mai pH 7 ya ninka mai pH 8 sau goma a yawan ƙwayoyin asid. Sauka daga 8.2 zuwa 7.9 kaɗai ya ninka su sau biyu. Idan pH ya yi ƙasa, sai kabonet ɗin da ke cikin ruwa ya ragu, murjani kuma ya riƙa shan wahala wajen ginin ƙashinsa.

Babban abin da ke juya pH a akwati shi ne kabon dayoksaid. Idan ta narke a ruwa tana zama asid mai rauni. A cikin jikin murjani akwai ƙananan halittu dangin gansakuka da ke haɗa abinci da haske, suna ciyar da shi. Da rana, fitila na kunne, suna shanye kabon dayoksaid, sai pH ya hau. Da dare haɗa abinci ya tsaya, amma kifi da murjani da ƙwayoyin bakteriya ba su daina numfashi ba, sai iskar ta taru, pH ya sauka. Don haka pH ya fi ƙasa da asuba, ya fi sama gab da kashe fitila. Bambancin 0.2 ko 0.3 tsakanin safiya da yamma ba abin tsoro ba ne. Darasin da ke nan shi ne a riƙa awo a lokaci guda kowace rana, in ba haka ba mutum zai yi ta maganin cutar da babu ita.

5. Duwatsun murhu uku

Tukunya ba ta zama a kan dutse biyu. Haka ma kalsiyam ba ya zama daidai a ruwa sai da abokai biyu.

Aboki na farko shi ne ƙarfin kabonet, wato jimillar bayikabonet da kabonet da ke cikin ruwa. Aikinsa biyu ne. Shi ne rabin kayan ginin murjani kamar yadda muka gani, shi ne kuma garkuwar ruwa, domin idan asid ya shigo shi yake tare shi kada pH ya faɗi farat ɗaya. Ana auna shi da ma'aunin Jamusawa da ake rubutawa dKH. Ruwan teku yana wajen 7, masu akwati kuwa suna riƙe shi tsakanin 7 da 11.

Ga wani lissafi da ya kamata kowa ya gane. Duk lokacin da murjani ya ci miligiram 20 na kalsiyam daga kowace lita, ya ci dKH 2.8 na ƙarfin kabonet. A ce mun fara da kalsiyam 420 da ƙarfin kabonet 8.4. Murjani ya yi girmansa har kalsiyam ya koma 400. Raguwar nan ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba, kayan gwaji ma da ƙyar su nuna ta. Amma ƙarfin kabonet ya sauka daga 8.4 zuwa 5.6, sulusinsa ya tafi. Wato rumbun kalsiyam babba ne, na kabonet ƙarami. Shi ya sa wanda ya san aikinsa yake auna ƙarfin kabonet fiye da yadda yake auna kalsiyam, domin shi ne yake fara ƙarewa.

Aboki na biyu shi ne magniziyam. Kalsiyam da kabonet da ke cikin ruwan teku sun fi ƙarfin abin da ya kamata ruwa ya riƙe, kullum neman haɗuwa suke yi su zama dutse. Magniziyam ne yake shiga tsakani, yana manne wa ƙananan ƙwayoyin dutsen da suka fara fitowa yana hana su girma. Ana son ya zauna tsakanin miligiram 1,250 da 1,350 a kowace lita. Idan ya yi ƙasa, mai akwati zai yi ta zuba kalsiyam da kabonet yana ganin ba sa hawa, ashe suna can suna daskarewa a jikin famfo da hita. Dalilin da ya sa suke zaɓar wurare masu zafi shi ne kalsiyam kabonet ya fi ƙin narkewa a ruwan zafi, kamar yadda muke ganin farin abu yana kama cikin butar shayi a garuruwan da ruwan rijiyarsu bai cika yin kumfa da sabulu ba.

6. Gwajin da muka riga muka sani

Duk wanda ya yi ajin kimiyya ya san gwajin ruwan laim, wato kalsiyam haidiroksaid da aka narka a ruwa. Idan muka sa tsinken shan lemo muka hura numfashinmu a ciki, sai ruwan ya yi fari kamar madara, domin kabon dayoksaid ta haɗu da kalsiyam sun zama kalsiyam kabonet. Idan muka ci gaba da hurawa ba mu gaji ba, sai farin ya fara washewa, domin iskar da ta yi yawa ta narkar da kabonet ɗin ya zama kalsiyam bayikabonet. Wanda ya gane wannan gwaji ya gane rabin aikin akwatin murjani: idan pH ya hau, dutse yana fitowa daga ruwa, idan ya sauka, dutse yana narkewa ya koma ruwa.

7. Hanyoyin mayar da abin da aka ci

(a) Canjin ruwa. Ana kwashe wajen kashi 10 cikin 100 na ruwan kowane mako ko mako biyu, a zuba sabon haɗi mai gishiri da zafi daidai da na akwati. Wannan ya isa akwatin da murjaninsa kaɗan ne.

(b) Ruwan laim. Jamusawa suna kiransa Kalkwasser, kuma wani masanin akwatin teku mai suna Peter Wilkens ne ya yaɗa amfani da shi a shekarun 1970. Lita ɗaya ta ruwa marar gishiri tana narkar da kimanin giram ɗaya da rabi na garin. Ana damawa a rufe a bar shi ya kwanta, a yi amfani da garau ɗin da ke sama wajen cike gurbin ruwan da ya ƙafe. Yana ba da kalsiyam da ƙarfin kabonet daidai gwargwadon yadda murjani yake cinsu, yana kuma shanye kabon dayoksaid ya ɗaga pH. Amma pH nasa ya wuce 12. Saboda haka ɗigo-ɗigo ake sa shi, an fi so da dare lokacin da pH yake ƙasa. Garin yana cin fata, yana kuma iya lalata ido, sai a yi hattara.

(c) Ruwa biyu. Ana narka kalsiyam kulorayid a kwalba ɗaya, a narka bekin soda, wato sodiyam bayikabonet, a wata kwalba dabam. A shekarar 1994 wani Bajamushe, Hans-Werner Balling, ya wallafa tsarin da ake bi a kan wannan hanya, har yau da sunansa ake kiransa. Doka a nan ita ce kada a taɓa haɗa kwalaben biyu wuri ɗaya, kada kuma a zuba su a lokaci guda. A zuba ɗaya inda ruwa ke gudu, a jira ya gauraye, sa'an nan a zuba ɗayan. Mu lura kuma bekin soda dabam, bekin hoda na yin cincin dabam. Kanwarmu ma dangin wannan sinadari ce, amma tana haɗe da ƙasa da wasu gishiri da ba a san yawansu ba, don haka ba a sa ta a akwati.

(d) Tukunyar narka dutse. Wannan na manyan akwatuna ne. Ana cika wani bututu da tsakuwar kalsiyam kabonet, a bi da ruwan akwati ta ciki, a riƙa sakar masa kabon dayoksaid daga tulun gas har pH na cikin bututun ya sauka zuwa wajen 6.5. Tsakuwar sai ta riƙa narkewa, ruwan ya ɗiga cikin akwati ɗauke da kalsiyam da bayikabonet. Rabi na biyu na gwajinmu ke nan. Illarta ita ce ragowar iskar tana jan pH na akwati ƙasa, shi ya sa wasu suke haɗa ta da ruwan laim.

8. Bari mu yi lissafi

A ce muna da akwati mai ruwa lita 200. Mun auna mun sami kalsiyam 380, muna son 420. Bambanci miligiram 40 ne a kowace lita. Idan muka ninka 40 sau 200 mun sami miligiram 8,000, wato giram 8 na kalsiyam. Amma garin kalsiyam kulorayid mai ƙwayar ruwa biyu, kimanin kashi 27 cikin 100 nasa ne kaɗai kalsiyam, domin nauyin mol ɗinsa 147 ne, na kalsiyam kuwa 40. Saboda haka muna bukatar kimanin giram 29 na garin. Ba a zuba shi rana ɗaya. Sai mu raba shi kwana biyu ko uku, muna aunawa.

Ƙarfin kabonet fa? Giram 6 na bekin soda yana ɗaga ruwa lita 200 da dKH 1. Idan muna kan 6 muna son 8, giram 12 ke nan, a raba shi aƙalla kwana biyu, domin ƙa'idar da masu reno suke bi ita ce kada a ɗaga fiye da dKH 1 a yini.

Ta yaya za mu san abin da akwatinmu yake ci kullum? Sai mu auna ƙarfin kabonet yau da ƙarfe 7 na yamma, mu ƙi zuba kome, mu sake aunawa gobe da jibi a daidai wannan lokaci. Idan yana raguwa da rabin dKH kowace rana, to, abincin yini shi ne giram 3 na bekin soda da kimanin giram 2 da rabi na kalsiyam kulorayid. Yayin da murjani ya ƙara girma cinsa zai ƙaru, sai a sake lissafi. Awon kansa ba shi da wuya: ana ɗiban ɗan ruwa a ƙaramar kwalba, a riƙa ɗiga maganin gwaji daga sirinji har launi ya juya, a karanta abin da aka ɗiga. Duk abin da aka samu a rubuta shi a littafi da kwanan wata. Lamba ɗaya ba ta faɗin kome, jerin lambobi na makonni shi ne yake nuna inda akwati ya dosa.

9. Idan pH ya ƙi hawa

Kuskuren da sababbin masu akwati suka fi yi shi ne su ga pH yana 7.8 sai su yi ta zuba hodar ɗaga pH. Wannan hoda kabonet ce. Za ta ɗaga pH na ɗan lokaci ya sake saukowa, amma ƙarfin kabonet da ta ƙara yana nan. Gobe a ƙara, jibi a ƙara, har ya kai 14 ko 15. Wata rana sai ruwa ya yi fari fat kamar an zuba koko, kalsiyam da kabonet sun haɗu sun zube tare. An kashe kuɗi, an kuma rasa duka biyun.

Abin da ya kamata shi ne a fara auna ƙarfin kabonet. Idan yana ƙasa, a gyara shi a hankali. Idan yana daidai amma pH yana ƙasa, to, kabon dayoksaid ce ta yi yawa a ruwan. Sau da yawa ba daga akwati take ba, daga ɗakin take. Iskar waje tana da kashi 420 da 'yan kai cikin miliyan na wannan iska, amma ɗaki rufe mai mutane da murhun gas yana iya wuce 1,000. Gwajinsa mai sauƙi ne. A ɗebi kofi ɗaya na ruwan akwati a fita da shi waje, a hura masa iska da ƙaramin famfo na awa ɗaya, a sake aunawa. Idan pH ya hau, an kama mai laifi. Magani shi ne a buɗe taga, a sa famfo ya riƙa kaɗa saman ruwa, ko a jawo bututun iska daga waje. Tagar Anna Thynne ke nan ta sake yin aiki.

A kula kuma da abinci. Ragowar abinci da kashin kifi idan suna ruɓewa suna sakin asid da ke cin ƙarfin kabonet. Na'urar awon pH ma tana ɓata lissafi idan ta daɗe ba a daidaita ta ba. Kafin mutum ya zargi ruwa, ya fara tabbatar da ma'auninsa.

Sama da duka, murjani ya fi jure lambar da ta ɗan kauce amma tana zaune wuri ɗaya, a kan lambar da ke hawa da sauka kullum. Gyaran gaggawa yana iya sa namansa ya saɓule daga ƙashi cikin kwana ɗaya ko biyu. Sannu ba ta hana zuwa.

10. Daga akwati zuwa babban teku

Abin da ɗaki rufe yake yi wa akwati, shi ne hayaƙin duniya yake yi wa teku. Kafin zamanin masana'antu kabon dayoksaid a sararin sama tana wajen kashi 280 cikin miliyan. A shekarar 2024 ta wuce 420. Teku yana shanye kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na abin da mutane suke saki, kuma pH na samansa ya sauka daga wajen 8.2 zuwa wajen 8.1. Mu da muka san yadda ma'aunin yake ninkawa mun gane cewa wannan ƙarin fiye da kashi 25 cikin 100 ne na ƙwayoyin asid. Duwatsun murjani ba su rufe ko kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na ire-iren halittun teku a can suke samun mafaka, ga miliyoyin masunta da suka dogara da su. Mai akwati yana da taga da zai buɗe, yana da ruwan laim da zai ɗiga. Teku ba shi da ko ɗaya.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa murjani yana gini da kalsiyam da bayikabonet tare, magniziyam yana hana su daskarewa, kabon dayoksaid kuma ita ce take juya pH. Mai akwati ya auna kafin ya zuba, ya zuba kaɗan-kaɗan, ya kuma rubuta abin da ya gani. Waɗannan halaye uku za su amfane mu a ɗakin gwaji, ko da ba mu taɓa mallakar akwatin kifi ba.

Aiki da tambayoyi

1. Ku jiƙa zoɓo ku tace, ku raba a kofi uku. Ku matsa lemun tsami a na farko, ku ɗiga ruwan kanwa a na biyu, ku bar na uku yadda yake. Ku rubuta launin kowanne.

2. Ku daka ɓawon ƙwai ku zuba masa ruwan lemun tsami. Wace iska ce take fita? Me wannan ya nuna game da murjani a ruwan da pH nasa ya sauka?

3. Don me pH na akwati ya fi ƙasa da asuba?

4. Akwati mai lita 300 yana da ƙarfin kabonet 6.5, ana son 8.5. Giram nawa na bekin soda ake bukata, kuma a cikin kwana nawa ya kamata a zuba shi?

5. Wani ya auna ya sami pH 7.8 da ƙarfin kabonet 10. Wace shawara za ku ba shi?